Aron Sanyin Teku

Duk wanda ya taɓa ganin tirela a gefen hanyar Kano zuwa Zariya da rana tsaka, tururi na tashi daga lagireto, direba na zaune a inuwar taya yana jiran yaron mota ya dawo da jarkar ruwa, zai ɗauka cewa injin jirgin ruwa ya huta da irin wannan wahala. Ai jirgi a kan ruwa yake kwana, a kansa yake tashi. Abin da direba ke nema ido rufe, shi ya kewaye jirgi ta kowace fuska, kuma ba ya ƙarewa. Sai dai masu aikin ɗakin inji sun san cewa zafi yana cikin manyan abubuwan da ke tsayar da inji a tsakiyar ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan: ruwa birjik, amma ruwa ne da ba a sakin jiki da shi.

Injin dizal wuta ce da aka kulle a cikin ƙarfe. Lokacin da mai ya kama a cikin silinda, zafin iskar da ke ciki yakan haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyam yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfen da ake zuba gangar inji da shi kuma a wajen digiri 1,200. Abin da ya hana injin narkewa shi ne wutar ba ta daɗewa kafin sabuwar iska ta shigo, sannan akwai ruwa da ke zagayawa ta bayan bangon silinda yana kwashe zafi. Manyan injunan jiragen dakon kaya, waɗanda suka fi kowane injin dizal tattalin mai, kusan rabin ƙarfin man da suka sha kawai suke mayarwa aiki, ƙananan kuwa ba sa kai haka. Ragowar duk zafi ne. Wani ya fita ta salansa, wani kuma dole ruwa ya ɗauke shi. Injin da ke ba da kilowat 1,000 yana zuba wa ruwansa zafin da ya kai na ɗaruruwan butocin lantarki da aka kunna a lokaci guda, muddin yana aiki.

Ruwa biyu

Hanya mafi sauƙi ita ce a zuƙo ruwan teku a tura shi cikin inji kai tsaye, ya kwashi zafi ya koma inda ya fito. An daɗe ana yin haka da ƙananan injuna, har yau ma akwai masu aiki a haka. Matsalar tana cikin ruwan. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri iri-iri, kuma a cikinsu akwai dangin alli, waɗanda halinsu ya saɓa wa na sukari: da ruwa ya yi zafi sai su ƙi zama a narke, su fito su manne a jikin ƙarfe. Wanda ya daɗe yana dafa ruwan rijiyar burtsatse a buta ɗaya ya san farin ɓawon nan da ke taruwa a gindinta. Daga wajen digiri 60 zuwa sama, ruwan teku yana yin irin wannan ɓawo da sauri a lungunan inji, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ɓawon ba ya barin zafi ya ratsa. Saboda haka injin da ke shan ruwan teku kai tsaye dole a riƙe shi ƙasa da zafin da ya fi dacewa da shi. Ga kuma tsatsa da yashi, ga ƙananan halittu da ke shigowa da rai su kama wuri su girma.

Dabarar da aka tsaya a kai ita ce a raba ruwan gida biyu. Na farko ruwan daɗi ne mai tsabta da aka zuba wa magani, yana zagayawa cikin inji a rufe, ba ya fita. Yakan baro inji da zafin digiri 80 zuwa 90. Na biyu ɗanyen ruwan teku ne, wanda ke shigowa ta ƙasan jirgi, ya bi bututunsa, ya fice. Inda suke kusantar juna shi ne akwatin musayar zafi, mai yin aikin da lagireto ke yi a mota. A ƙananan jirage, damin siraran bututu ne na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel: ruwan teku na bi ta cikinsu, ruwan daɗi na bi ta bayansu. A manyan jirage kuwa faranta ne na taitaniyam da aka jera aka matse, wannan ruwa a gefe ɗaya, wancan a ɗaya gefen. Kaurin bangon da ke tsakani bai cika wuce milimita 1 ba, na farantan ma wajen rabin haka ne. Ta wannan siririn bango inji yake aron sanyin teku, kuma duk aikin kula da tsarin ya ta'allaƙa ne a kan abu biyu: zafi ya ratsa bangon, gishiri kada ya ratsa.

Aron ya fi wuya a ƙasashe masu zafi. Ƙa'idar da masu ƙera jirage ke bi ita ce a tsara inji yadda zai jure ruwan teku mai digiri 32. Ruwan gaɓar Legas yakan kai 28 zuwa 29 a watannin zafi, wato tazarar da ta rage kaɗan ce. Akwatin musayar da ya yi datti, wanda zai lallaɓa ya yi aiki a tekun arewacin Turai da hunturu, a mashigin tekun Gini ba ya iya ɓoye laifinsa.

Bin sawun ruwa

A cikin jiragen ja da ke tura kwantena tsakanin tashar Apapa da Ikorodu akwai wani injiniya ɗan asalin Yawuri, wanda kowa a jirgin ke kira Cif, kamar yadda ake kiran duk shugaban ɗakin inji. A bakin Neja aka haife shi, amma a garejin manyan motoci ya koyi riƙe sifana, ya shafe shekaru yana wanke lagireto da canza fanbel kafin ya sauko kudu ya karanci injin jirgi. Abu na farko da ɗakin inji ya sauya masa shi ne yadda yake kallon yoyo. A mota, in tiyo ya fashe, ruwan da ke ciki ne zai zube, a faka a gefen hanya. A jirgi, bututun ɗanyen ruwa yana ƙasa da fuskar ruwan waje. In ya fashe, teku ce gaba ɗaya a bayansa, kuma ba za ta daina shigowa ba sai an rufe mata ƙofa ko jirgi ya nutse.

Shi ya sa zagayensa na kowace safiya yake farawa daga ƙofar, yana bin ruwa yadda ruwan ke tafiya. Bawul ɗin ƙasan jirgi, wanda ke buɗe wa teku hanya, yakan rufe shi ya buɗe a kai a kai ko da babu dalili, domin bawul da aka bari wata da watanni a buɗe yakan ƙage, kuma ranar da za a gane haka ita ce ranar da ake neman rufe shi da gaggawa. Kowane tiyo da ke ƙasa da fuskar ruwa maɗauri biyu yake sa masa, ya kuma matsa shi da hannu: wanda ya yi laushi kamar biredi da wanda ya bushe ya soma tsagewa, duka sun gama aiki. Kusa da bawul ɗin akwai turken katako mai tsini a ɗaure da igiya, na toshe rami in komai ya ƙi.

Daga nan sai rariya, wato kwandon ƙarfe mai ƙananan huda da ke tare shara. A ruwan Legas ita ce ta fi kowa shan wahala. Ledar fiya wata guda ɗaya ta isa ta lulluɓe mashigar ruwa. Ga kuma ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, mai kama da kainuwa amma ta fi ta girma, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta kuma bayyana a ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984. Idan damina ta rage gishirin tafkin sai ta bazu ta rufe hanya, sai rani ya dawo da zartsi take mutuwa. Cif ba ya barin a rufe murfin rariya ba tare da an duba robar bakinsa ba, saboda murfin da bai zauna daidai ba yana sa famfo ya riƙa zuƙar iska maimakon ruwa, kuma iska ba ta barin alamar yoyo da ido zai gani.

Famfon ɗanyen ruwa a irin waɗannan injuna farfelar roba ce mai fikafikai, tana juyawa cikin gidan tagulla, fikafikan na lanƙwashewa suna miƙewa suna tura ruwa gaba. Ruwan da take turawa shi ne man shafawarta. In ta juya a bushe na ɗan lokaci kaɗan, robar ta ƙone, fikafikan su kakkarye. A nan ne sabon shiga yake yin rabin aiki: ya cire tsohuwa, ya sa sabuwa, ya rufe. Cif yakan ajiye tsohuwar a kan tebur ya sa a ƙirga fikafikanta. In ɗaya ya ɓace, to yana gaba, ya maƙale a bakin bututun akwatin musaya yana tare hanya, kuma ba a tada inji sai an nemo shi. Farfelar da ba ta karye ba ma yana canza ta in lokacinta ya yi, bisa awoyin da littafin injin ya faɗa, don roba tana gajiya tun kafin ta nuna.

Ƙarshen tafiyar ruwan shi ne fitarsa. A ƙananan jirage da yawa ana watsa shi cikin bututun salansa don ya sanyaya hayaƙi su fita tare, shi ya sa abin da ake fara dubawa bayan tada inji shi ne ko ruwa na fesowa da hayaƙi. Wannan mahaɗa ta ruwan gishiri da hayaƙi mai zafi tana cinyewa daga ciki. Tana da wani haɗarin kuma: in inji ya ƙi tashi aka yi ta murza shi, famfo na ta tura ruwa, babu hayaƙin da zai kora shi waje, ruwan yakan taru ya koma baya cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistan in ya haɗu da shi, sandarsa ce ke lanƙwashewa.

Ƙarfen fansa

Akwai ɓarnar da ba ta da ƙara ko zafi. Duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sun zama batir, kuma ɗaya daga cikinsu zai riƙa narkewa don ɗayan ya zauna lafiya. Tsarin sanyaya kuwa cike yake da irin wannan haɗi: tagulla, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, alminiyam. Maganin shi ne a kawo ƙarfen da ya fi su duka saurin narkewa a ɗaura shi a wurin, ya zama fansa. Yawanci zinki ne, ɗan sanda kamar yatsa, da ake murɗawa a jikin akwatin musaya.

Wanda ya fara wannan dabara shi ne masanin kimiyya na Ingila, Humphry Davy, a 1824. Jiragen yaƙin Ingila na katako ne a lokacin, ana lulluɓe gindinsu da fallen jan ƙarfe, ruwan teku kuma yana cinye fallen. Davy ya nuna cewa in aka manna ɗan guntun zinki ko ƙarfe a jiki, cin yana tsayawa. Da aka gwada a jirage sai wata matsala ta ɓullo: ciyayi da halittu masu ɓawo suka lulluɓe gindin jirgin, domin ashe jan ƙarfen da ke narkewa a hankali shi ne gubar da ke korarsu. Rundunar ruwan ta ajiye dabarar. A yau manyan jirage suna amfani da darussan biyu tare: ƙarfen fansa yana tsare bututu, sannan a mashigar ruwa ana sa sandar jan ƙarfe a ba ta ’yar wutar lantarki don ta narke da gangan, kada dangin ƙumba su yi gida a cikin bututu.

Cif yakan kwance sandar zinkin ya duba, in ta cinye rabi ya canza ta. Wadda ta fi ba shi tsoro ita ce wadda ya tarar kamar sabuwa bayan watanni, domin ma'anarta ba ta aiki, wani abu mai tsada ne ake ci a madadinta. Zinki yana son ruwa mai gishiri sosai. A ruwan daɗi yakan yi ɓawo ya daina aiki, shi ya sa jiragen kogi ke amfani da maganiziyam, na ruwan zartsi kuma alminiyam. Tafkin Legas, da ke sauya ɗanɗano tsakanin damina da rani, ba ya barin mutum ya yi wannan zaɓi sau ɗaya ya manta.

Sanyi ma cuta ne

Ruwan ciki, duk da ba ya haɗuwa da teku, shi ma yana da buƙatunsa. Kowane mako Cif yakan ɗebi kaɗan a kwalba ya gwada. Yana duba ƙarfin maganin hana tsatsa, wanda a jirage da yawa naitirait ne, mai shimfiɗa siririn rufi a jikin ƙarfe. Rufin yana da muhimmanci saboda bangon silinda yana karkarwa duk bugun fistan, karkarwar tana haifar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, kumfan kuma in suka fashe a jikin ƙarfe suna ƙwaƙule shi kaɗan-kaɗan har su huda. Yana duba ko ruwan ya soma komawa tsami. Sannan yana duba gishiri, wanda ƙa'idar da aka saba ita ce kada kuloraid ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ruwa ba ya tsami banza: in adadin ya tashi daga makon jiya zuwa na yau, to bangon nan ya tsage a wani wuri, teku ta sami hanyar shiga. Haka nan in ruwan ƙaramin tankin sama yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a cikinsa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kowanne yana nuna wata iyaka da ta karye, ko gaskit, ko kan silinda, ko akwatin sanyaya mai.

Ruwan ƙari ma ba kowanne ake zubawa ba. Manyan jirage suna yin nasu: suna amfani da zafin ruwan inji su tafasa ruwan teku a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda ruwa ke tafasa tun bai kai digiri 60 ba, su tara tururin ya zama tataccen ruwa. Jirgin ja ba shi da wannan gata, sai dai a sayo, kuma jarabar ɗiba daga famfon tasha kullum tana nan.

Al'adar da Cif ya fi yaƙi da ita a wajen yaran da suka fito daga gareji irinsa ita ce cire tamostat. A garejinmu na gida an ɗauka ƙarfen nan na ƙasashen sanyi ne, a nan ba abin da yake yi sai tare ruwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma inji mai sanyi ba ya ƙone mai sosai: yana tara baƙin toka, ɗanyen mai na gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Man jirgi kuma yana da farar wuta, wadda in ta ƙone ta haɗu da danshi a bangon silinda mai sanyi take zama asid. Ko bayan 1 ga Janairun 2020, da dokar duniya ta rage farar wutar man jirage daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, wannan ci bai gushe ba. A injuna da yawa ma cire tamostat yana buɗe gajeriyar hanyar da ruwa zai koma inji ba tare da ya bi ta akwatin musaya ba, sai a wayi gari abin da aka cire don gudun zafi shi ya kawo zafin. Saboda irin wannan dalili ne manyan jirage in suna tsaye a tasha ake ɗumama ruwan injinsu, kada a tada shi da sanyi.

Daren da babu labari

Duk awa ana rubuta lambobi a littafin ɗakin inji: zafin ruwan teku a shiga da fita, zafin ruwan daɗi a shiga da fita, ƙarfin turin kowane famfo. Matashin da ke koyon aiki a ƙarƙashin Cif ya taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, tunda akwai ƙararrawa da za ta yi kuka in zafi ya yi yawa. Cif ya ce, “Ɗana, ƙararrawa sanarwar rasuwa ce. Littafin nan shi ne zuwa dubiya.” Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta jiya da ta makon jiya. In ruwan teku yana fita da zafi fiye da yadda ya saba, to ya yi kaɗan ne, a nemi abin da ya tare shi ko famfon da ya gaji. In yana gudu yadda ya kamata amma ruwan daɗi ya ƙi saukowa, to bangon ne ya yi datti, lokacin wanke bututu ya yi.

Wani dare a watan Nuwamba suna tura faffaɗan jirgin dako cike da kwantena, sun doshi ɗaya daga cikin gadojin da suka haɗa tsibirin Legas da sauran gari, inda hanya take matsewa ruwa kuma yake da ƙarfi. Jirgin dako ba shi da inji ko sitiyari. In injin jirgin ja ya mutu a irin wannan wuri, igiyar ruwa ce za ta zaɓi inda kayan za su nufa. Allurar zafi ba ta motsa ba tukuna, amma ta turin ɗanyen ruwa ta soma rawa, kuma da matashin ya dafa bututun fita ya ji ya fi ɗazu ɗumi.

“Cif, ruwa ya ragu.”

Cif ya kira kyaftin ya ce a sassauta wuta gwargwadon yadda jirgi zai riƙe kansa. Rariyar jirgin tagwaye ce, da hannu guda da ke karkatar da ruwa daga wannan kwando zuwa wancan ba tare da an kashe inji ba. Ya juya hannun, allura ta tsaya. Kwandon farko suka tarar da shi danƙare da saiwar ciyawa da leda. Kafin su gama wanke shi na biyun ya soma cika. Haka suka yi ta yi, ɗaya na aiki ɗaya na hannu, har suka wuce gada suka fita daga cikin ciyawar. Zafin inji ya tashi kaɗan ya dawo. Hannun karkatarwar ya juya cikin sauƙi a daren ne saboda kowane mako ana juya shi ana shafa masa giris, robar murfi ta zauna saboda akwai sabuwa a aljihun tebur. Abin da aka rubuta a littafi layi ɗaya ne: an wanke rariya sau da yawa, ciyawa. Mutanen da ke wucewa a motoci a kan gadar ba su san an yi ba, ofishin kamfani ma bai sani ba.

Baltimore

Abin da ke faruwa in lamarin ya zo da akasi, duniya ta gan shi a ranar 26 ga Maris 2024. Jirgin kwantena mai suna Dali, mai tsawon kusan mita 300, ya baro tashar Baltimore a Amurka da tsakar dare zai tafi Kolombo ta ƙasar Siri Lanka. Yana dab da gadar Francis Scott Key wutar lantarkin jirgin ta ɗauke. Babban injin ba da lantarki yake juyawa ba, amma famfunan da ke tura masa ruwan sanyaya na lantarki ne. Da suka tsaya, turin ruwa ya faɗi, injin ya kashe kansa kamar yadda aka tsara shi. Kimanin minti 4 bayan haka jirgin ya daki ginshiƙin gadar, ta rushe, ma'aikata 6 da ke gyaran titi a kanta suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka daga baya ta gano cewa wata waya da ta saki ce ta jawo ɗaukewar wutar farko.

Ba datti ko sakaci da bututu ne ya tsayar da Dali ba. Abin da haɗarin ya fito da shi fili shi ne matsayin ruwan: inji mai ƙarfin dawaki dubbai, lafiyarsa ƙalau, ga mai a tanki, amma ya tsaya cik da zarar ruwan ya daina zagayawa. Wannan ne ya sa manyan jirage ke da famfo biyu a kowane muhimmin wuri, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, da mashigar ruwa biyu, ta ƙasa don tsakiyar teku inda jirgi ke tangaɗi, ta sama don kogi da tasha inda laka take kusa. Na jiran kuwa ba shi da amfani sai in ana tada shi ana gwadawa.

Takardar neman kaya

Yaƙin Cif mafi tsawo ba a ɗakin inji yake ba. Duk ƙarshen wata yana aika wa ofis takardar neman kaya: farfelar roba, sandunan zinki, robar murfi, maganin ruwa, kwalaben gwaji. Kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kan silinda guda, balle kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure ba ya kawo ko sisi. Amma mai duba takardar yana da tambayar da ke da wuyar amsawa: wannan abin ya lalace ne? In aka ce a'a, sai ya ja layi a kai. Ba mugunta ba ce. Gyaran abin da ya fashe yana da hoto da rasit da labari. Ɓarnar da aka hana aukuwa ba ta da ko ɗaya, kuma injiniyan da jirginsa bai taɓa tsayawa ba yakan yi kama da wanda ba shi da aikin yi. Likitan da ke kula da rigakafi da akantan da littafinsa bai taɓa jawo bincike ba sun san wannan matsayi.

Cif ya daina gardama da baki. Yanzu duk farfelar da ya cire yana sa ta a leda tare da sandar zinkin da ta cinye, ya rubuta kwanan wata da awoyin inji a jiki, ya haɗa da takardar ya aika. Farfelar in aka lanƙwasa fiffikenta a gaban mutum, tsagar da ke gindinsa tana buɗe baki, kuma wannan ya fi dogon bayani shiga kai. Wani watan a sayo duka, wani watan rabi.

Matashin ya kusa kammala lokacinsa, zai koma wani jirgi a matsayin mai riƙe da nasa ɗakin inji. Cif bai ba shi wata doguwar nasiha ba. Ya ce ranar da ya isa, kafin ya taɓa makunni, ya nemo inda ruwa ke shiga jirgin ya bi shi da hannu har inda yake fita, ya rufe kowane bawul ya buɗe, ya kwance zinki ya gani da idonsa. Sannan ya karɓi littafin wanda ya gada ya karanta lambobin wata 3 da suka wuce, in kuma ya tarar lambar kowace awa iri ɗaya ce sak daga farkon shafi zuwa ƙarshe, ya sani ba daga geji aka kwafo su ba, ya fara nasa daga ranar.